Ƙoƙo Ɗaya na Gangamau Ɗan Fakku

Wana ya shekara talatin yana dukanci, amma ban taɓa ganin ya karya saiwar gangamau ya duba cikinta ba. Girma yake dubawa. In an ajiye masa biyu, sai ya ɗauki mai kaurin, ya jinjina ta a tafin hannu yana gyaɗa kai kamar mai sayen gwaza. Ubanmu ɗaya, uwa kowa da tasa. Da mahaifinmu ya rasu, rumfarsa ta bakin kasuwar Tambuwal ta koma hannun wana, don shi ne babba. Buzun zama ya zama nasa, wuƙaƙe da basilla suka zama nasa, har gaisuwar da mutane suke yi wa tsoho ta koma kansa. Hannun tsoho ne kawai bai samu ba, kuma har yau bai san bai samu ba.

Gangamau ita ce saiwar da muke rina fata rawaya da ita. Malamai suna ce mata kurkum. Jan launi daga karan dafi muke samunsa, baƙi daga kuloko, kuma duk waɗannan ko makaho ya iya haɗa su in an nuna masa sau biyu. Rawaya ce mai tona asirin baduku.

Ina da shekara arba'in da 'yan kai na fara zuwa zauren Malam da allona, na fara daga babbaƙu. Gidan Malam ba baƙonmu ba ne. Tun zamanin kakanmu, duk littafin da aka rubuta a gidan, rumfarmu ce take ɗinka masa gafaka, wato jakar fatar da ake ajiye littafi a ciki a rataye. Kakanmu ya yi wa kakansa, mahaifinmu ya yi wa mahaifinsa. Ba wani abin duniya ake samu a ciki ba, amma saboda wannan aikin ne ake ce mana dukawan malamai, ba dukawan takalma ba.

A shekarar da nake ba da labari, Malam ya gama rubuta Alƙur'ani da hannunsa, aikin da ya ci masa damina uku. Ya sa ranar sadaka, ya aika wa malaman Jabo da na Sanyinna. Wata safiya bayan na biya allona, ya ce in tsaya.

"Wata guda ya rage," in ji shi. "Gafaka nika so irin wadda tsohonku ya yi ma mahaifina. Mai rawayan nan a gaba."

Na ce, "Allah shi gafarta Malam, an gama."

Na san gafakar da yake nufi. Tana rataye a bangon zaure, ta girme ni ko mun zo tare, gefunanta sun cinye, amma rawayar tana nan da zurfinta kamar zumar da ta kwana biyu a tulu. Na kuma san da abin da aka rina ta, don ina yaro mahaifina ya sha gaya mana: gangamau ɗan Fakku, ba wani ba.

Fata kuwa ina da ita. Ta jar akuya ce, budurwa, wadda ƙaya ba ta taɓa karce ta ba, kaska ba ta bar mata tabo ba. Majemi ya jeme ta da bagaruwa har ta fito fes kamar cikin sabuwar ƙwarya. Shekara biyu tana naɗe a ɗakina, ina jiran aikin da ya kai ta. Irin wannan fata ba a samun biyu a lokaci ɗaya, kuma rini sau ɗaya ake yi mata. In ya ɓaci, ya ɓaci.

Da na gaya wa wana zan tafi Fakku, can ƙasar Kebbe, neman gangamau, sai da ya ajiye goron da yake ci don ya ji daɗin dariya.

"Fakku? Kwana biyu a ƙasa, don saiwa? Kai ɗalibi mai furfura, karatun nan ya fara taɓa ka. Ga gangamau can tuli a kasuwa, har akuyoyi na shinshina."

"Yaya, ba iri ɗaya ba ne."

"Awo, na Fakku da rawani shika fitowa daga ƙasa."

Maƙwabtan rumfa suka yi dariya, don wana ya iya sa mutane dariya, wannan kam ba a hana shi ba. Na bi wasu fatake masu jakuna da za su yi kudu, saboda a lokacin ba a shiga dajin nan mutum ɗaya.

Gida ɗaya ne a Fakku yake riƙe da irin, kuma tsohuwa ce mai shi. Na same ta a gindin tsamiya tana kaɗi. Na gaishe ta, na faɗi ko ni ɗan wane ne. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ubanka na san shi. Kai ban san ka ba. Zamna."

Ta shiga ɗaki ta fito da faifai, da saiwoyi iri biyu a kai, a cakuɗe. Ta ajiye a gabana ta koma kan kaɗinta.

"Ware min."

Na ware. Ba wuya ga wanda aka nuna wa yana yaro. Na gama-gari fari-fari ne a baya, mai kauri, mara nauyi. In ka karya shi sai ya ɓare ba gardama, cikinsa gari-gari, launinsa kamar na ƙullun masara, kuma warin ƙasa yake yi. Ɗan Fakku siriri ne, bai wuce ƙaramin yatsa ba, baƙi-baƙi, a murɗe, mummuna ƙwarai. Ba ya karyuwa da hannu sai ka sa dutse. In ya karye, cikinsa yana sheƙi kamar kakin zuma, launinsa ya wuce rawaya ya doshi na manja, kuma ƙamshinsa sai ya hau maka har ƙwaƙwalwa. Na goga guntu a farcen babban yatsana, na nuna mata.

"To, an koya maka wani abu," in ji ta. "Wancan mai ƙiba ka san inda shika girma?"

"Bayan makewayi, Inna."

"Bayan makewayi! Inda ruwan wanka ka bi. Shi sha ruwa shi kumbura, damina guda a tone shi, a yanyanka, a baza ga rana kamar kuɓewa. Sannan a kai kasuwa, wawaye su saye."

Ta kai ni fadamar da take shukawa, ƙasa baƙa a ƙarƙashin manyan itatuwa, inda rana ba ta sauka sai a tsakiyar yini. Ta ce nata damina biyu yake yi a ƙasa, ba a taɓa shi sai ganyen ya mutu ya kwanta da kansa. In an tone, a dafa shi ɗungurungum a tukunyar ƙasa, tafasa ɗaya, ba a yanka. Sannan a shanya a inuwa a kan zana, ana juyawa kullum, har sai ya yi ƙara kamar tsakuwa in an girgiza shi a ƙoƙo. An sha ɗaukar irin a kai wasu garuruwa, in ji ta, shekarar farko ya yi kama, ta uku ya koma na banza.

Ƙoƙo ɗaya ta ba ni, ko cika bai yi ba. Na ce ko za a ƙara.

"Fata nawa za ka rina, ɗana? Wanga ya isa fuɗu. Rabin tafin hannu, da lemon tsami, shafa guda. In ka ga ya yi duhu da farko kada ka ji tsoro, bari shi bushe ka goge shi. Kuma kada toka ta kusance shi."

Wannan na ƙarshe ko ba ta faɗa ba na sani. Na yi tsammanin duk wanda ya taɓa zama a rumfar dukanci ya sani.

Na iso Tambuwal ana gobe kasuwa, ƙafafuna a kumbure. Na kai ƙoƙon rumfa, na kai fatar, na ajiye su tare a cikin taska. Dole ne in kai su can, domin al'adar rumfarmu ce, in aikin babban gida ne, babba shi yake sa hannun farko a rini. Mahaifinmu haka ya tarar, haka ya bari. Niyyata in niƙa, in haɗa, in tsoma tsumma in miƙa wa wana, ya yi shafa ɗaya don al'ada, in karɓa in ƙarasa.

Wana ya buɗe ƙoƙon ya leƙa.

"Wanga shi ne? Kwana biyar kana yawo, ka dawo muna da kashin awaki?"

"Karya guda ka gani, Yaya."

"In karya haƙorina? Tsohuwa ta ga baƙo, ta share mai ƙasan rumbu."

Na ce masa gobe da safe zan je lambu in samo lemon tsami, in biya in gaishe da Malam, bayan azahar mu yi rini. Ya ce to, yana kallon wani wuri.

Da na dawo bayan azahar, tun daga nesa na hango kwando a ƙofar rumfa, cike da gangamau mai ƙiba har yana zuba. Na ƙara sauri. Wana yana tsaye da hannuwansa rawaya har gwiwa, zufa tana ɗiga daga gemunsa, mutum uku ko fuɗu suna kallo.

Abin da ya faru, daga bakinsa da bakin maƙwabta na haɗa shi. Da kasuwa ta fara ci, ya ɗauki ƙoƙona ya nufi wajen wata mata mai sayar da kayan yaji, wai zai nuna mata yadda aka cuci ƙaninsa. Matar ta karya ɗaya ta duba, ta ce ai kuwa an cuce shi, amma saboda mutuncin tsoho za ta karɓa ta ba shi kwando guda na mai kyau. Wana ya ja, ya ce sai ta ɗora masa tafi biyu a kai. Ta ɗora. Ya dawo yana gaya wa duk wanda ya gamu da shi cewa yau ya yi wa mai kayan yaji wayo. Ya aika gida aka daka masa, ya ce zai gama rinin kafin ɗalibi ya dawo, ya nuna masa aikin manya.

Ya yi shafar farko, fata ta sha, ta fito fari-fari kamar an zuba mata ruwan koko. Ya yi ta biyu. Ya yi ta uku, fata ta jiƙe sharkaf, launi bai zo ba. A nan mai hankali zai tsaya. Shi sai ya tuna cewa in karan dafi ya ƙi ba da ja, ruwan toka ake zuba masa ya fito. To ai rini rini ne a wurinsa. Ya tsiyaye ruwan toka ya zuba a kaskon, ya shafa. Nan take fata ta juye ta koma ja mai datti, irin na tsohon jini. Da ya ga haka ya ruɗe, ya aika aka samo masa tsamiya ya jiƙa ya watsa. Inda tsamiya ta taɓa ya koma rawaya, inda ba ta taɓa ba ya zauna a ja, tsakaninsu kuma wani launi da ba shi da suna.

Na durƙusa na taɓa fatar. Ta fara ƙandarewa a gefe, fuskarta ta yi ƙuraje. Shekara biyu ina ɗaga ta in shinshina in mayar.

"In ta bushe za ta daidaita," in ji wana.

Na juya fatar na duba bayanta.

"Fatar ce ba ta jemu ba. Tun farko na ga alama. Majemin nan naka ɗan ha'inci ne."

Wani tsohon maɗinki da ke maƙwabtaka da mu ya ce, "Kai dai, mai rumfa, wanga launi in ka kai shi Sakkwato sai a ce daga Gabas anka kawo shi. Ba a taɓa ganin irinai ba."

Aka kwashe da dariya, wana ma ya yi, don bai gane da shi ake ba.

Na tashi na nufi wajen mai kayan yaji. Ta gan ni tun ban iso ba, ta gyara zama.

"Sannu da zuwa, ƙanen mai wayo."

"Iya, ƙoƙon nan nika biɗa. In maido miki kwandonki da abin da kika ce."

"Wane ƙoƙo? Ai ko zama bai yi ba. Badukun Jabo ya fi shekara shina tambayata ɗan Fakku. Yana zuwa na buɗe mai, ya shinshina, ya ɗauka ya kama hanya ko cefane bai yi ba." Ta dube ni, ta rage murya. "Ni ban je rumfarku ba, yayanka ya kawo min da ƙafarshi. Har gori ya yi min."

Ban ga laifinta ba. Kasuwa ta zo ci.

Na zauna na yi lissafin kwanaki. Saura ashirin da 'yan kai. In na koma Fakku, tsohuwa ta riga ta ce abin da ta ba ni shi ne rabon bana, sauran na masu shi ne. Ko da ta tausaya, babu fata. Na zaga majema uku a gari, na ga fatu masu kyau na takalmi da na linzami, babu ta littafi. Zan iya rufe ɓarnar da kuloko in yi gafaka baƙa, in ce haka ta fi kyau, kuma na san Malam zai karɓa ya sa albarka, don ba mai kunyata mutum ba ne. Wana ma shawarar da ya kawo ke nan, kwana biyu bayan haka, kamar shi ya gano ta.

"A baƙanta ta mana. Malam karatu ya sani, mi ya sani ga fata?"

Wannan maganar ce ta yanke mini shawara. Mutumin da ya yi damina uku yana zaɓen tawada, yana zubar da takarda sukutum saboda wasali ɗaya ya karkace, shi ne wana yake cewa ba zai gane ba.

Washegari bayan an tashi daga karatu na tsaya. Na ce, "Allah shi gafarta Malam, fatar ta ɓaci a hannunmu."

Ban ce a hannun wa ba. Ba a kai ƙarar babban wa gaban mutane, ko da kuwa kasuwa duk ta gani. Malam ya ɗago kai daga kan allon da ke gabansa.

"Babu wata?"

"Babu wadda ta kai littafin."

"To mi kaka gani?"

Na ce akwai baduku a Jabo, na taɓa ganin ɗinkinsa, hannunsa yana da tsabta. Na ce na tabbata yana da gangamau ɗan Fakku a yanzu haka, kuma mutumin da ya yi shekara yana neman irin wannan saiwa ba zai rasa fatar da ya tanada dominta ba. Da bakina na faɗa, ba wanda ya matsa mini.

Malam ya ce, "Ka san in aiki ya fita gida ba shi cika dawowa ba."

Na ce na sani.

Ranar sadaka zaure ya cika har waje. Aka yi addu'a, aka fito da littafin a cikin gafakarsa, ana miƙa wa malamai ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kusa da ni na karɓa da hannu biyu. Shafa ɗaya badukun Jabo ya yi mata, na gani, kuma ya goge ta da haƙuri har hatsin fatar ya fito ta cikin launin. Rawayar tana da zurfi, in ka karkata ta wajen haske sai ta yi kamar za ta koma ja, ta fasa. Na kai ta kusa da hanci, ƙamshin yana nan. Ɗinkin bakin ma ba laifi, ko da yake ni da na ƙara matse shi.

Wana yana gefena da ƙwaryar fura a cinya. Ya leƙo, ya taɓe baki.

"Ta yi duhu," ya ce, yadda na kusa za su ji. "Ɗan Jabo bai iya tsarma rini ba. Da an bar muna aikinmu."

Wani malami daga Sanyinna ya tambayi wanda ya yi. Aka nuna masa badukun Jabo, yana zaune can baya a bakin ƙofa. Kafin a watse na ga malamai biyu sun ja shi gefe suna gwada masa tsawon littattafansu da hannu.

Tun daga wannan shekara gidan Malam bai sake aiko mana da aikin littafi ba, sauran gidajen malamai kuma suka bi. Ba a yi faɗa ba, ba a ce an kore mu ba. Ana gaisawa, ana zuwa suna da jana'iza. Takalma muke ɗinkawa yanzu, da kube, da igiyar guga. Wana yana nan a kan buzun tsoho, ya ƙara ƙiba. Duk baƙon da ya zauna a rumfa sai ya ba shi labarin yadda malaman zamani suka daina riƙe zumunci, da yadda ƙaninsa ya je ya kai aikin gidansu Jabo saboda an koya masa baƙi biyu ya ɗauka ya fi kowa. Baƙon ya juyo ya dube ni. Ni kuwa in ce masa ya miƙo ƙafa in auna.